Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabannin hukumomin ƙididdiga na ƙasashe game da ma'aunin masana'antu na wata-wata

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Mu da muka rubuto wannan takarda mutane ne da aikinsu ya rataya a kan alƙaluman da kuke fitarwa. A cikinmu akwai malaman ilimin ƙididdiga, akwai masu nazarin tattalin arziki, akwai kuma masu lissafin kaya a masana'antu, waɗanda fom ɗinku ke sauka a kan teburinsu kowane ƙarshen wata. Maganarmu a kan abu guda ce: ma'aunin da ke nuna ko abin da masana'antun ƙasa suka samar a wata ya ƙaru ko ya ragu. Babban banki yana duba shi kafin ya taɓa kuɗin ruwa. Masu lissafin jimillar arzikin ƙasa na kowane wata uku suna jingina da shi. Mai shirin zuba jari yana karanta shi kafin ya yi odar sabon inji. Ya samu wannan daraja ne saboda yana fita da wuri, tun kafin sauran manyan alƙaluma su iso.

Abin da muke roƙo shi ne ku riƙa fitar da shi kowane wata ba fashi, kuma ku buɗe wa jama'a yadda aka haɗa shi. Babu hukumar da ke ƙirga duk abin da ya fito daga kowace masana'anta cikin kwana 30. Kiyasi ake yi, daga samfurin kamfanoni, da zaɓaɓɓun kayayyaki, da nauyin da aka ɗora wa kowane sashe. Ko ɗaya daga cikinsu ya tsufa ko ya karkace, lambar za ta ci gaba da fitowa tsaf-tsaf a kan takarda alhali ta daina faɗin gaskiya, kuma mai karatu ba shi da hanyar ganewa sai kun nuna masa.

Ƙa'idar aikin a rubuce take. Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da shawarwarinta kan wannan ma'auni a 1950, ta sabunta su a 2010. Sabon tsarin ya ce a fitar da shi wata-wata, cikin kwana 45 bayan ƙarewar watan da ake aunawa, kuma ya ƙunshi ɓangarori huɗu na jadawalin sana'o'i na duniya da ake kira ISIC: haƙar ma'adinai, ƙere-ƙere da sarrafa kaya, wutar lantarki da iskar gas, sai samar da ruwa da sarrafa shara. Gine-gine ba sa ciki. Ƙa'idar yaɗa alƙaluma da Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya kafa a 1996 ta ba da mako shida. Wasu ƙasashe sun fi haka sauri. Babban bankin Amurka, wanda jerin alƙalumansa ya faro daga 1919, yana fitar da nasa a tsakiyar watan da ke biye. Japan tana ba da na farko a ƙarshen watan da ke biye. Indiya, wadda a da takan ɗauki mako shida, ta rage wa'adin zuwa kwana 28 a 2025. Hukumar da ke fitar da nata bayan wata biyar ko shida ta bar masu yanke shawara suna aiki da zato a daidai lokacin da suka fi bukatar sani.

Tushen komai shi ne kundin rajistar kamfanoni. Daga cikinsa ake zaɓo waɗanda za a riƙa tambaya, kuma yawanci akan ɗauki manya duka, a ɗebi wani kaso na matsakaita, a bar ƙanana. A Jamus binciken wata-wata yana tsayawa ne a kan masana'antu masu ma'aikata 50 zuwa sama. A ƙasar Sin ana ɗaukar kamfanonin da cinikinsu na shekara ya kai yuan miliyan 20. Babu laifi a sa iyaka irin wannan, domin a sassa da yawa ƴan kamfanoni kaɗan ne ke fitar da mafi yawan kaya. Laifin shi ne a ƙi faɗin inda iyakar take da kuma kason da ta rufe. A ƙasar da ƙananan masu sana'a ke da babban rabo a ɗinki, kafinta da ƙira, wajibi ne a rubuta a saman rahoto cewa ma'aunin na manyan masana'antu ne. Sannan kundin kansa yana bukatar shara aƙalla sau ɗaya a shekara. Idan ba a yi ba, kamfanonin da suka rufe suna faɗuwa daga samfurin, sababbin da aka buɗe ba sa shiga, sai ma'aunin ya yi ta gangarowa a hankali ko da masana'antu na bunƙasa.

A nan muke so ku tsaya sosai, domin mafi yawan ɓarnar tana faruwa ne a kan fom, tun kafin wani masani ya taɓa lissafi. Tambayar da ake son amsawa ita ce nawa aka ƙera a cikin watan. Amsar da ta fi sauƙin samu a ofishin akanta kuwa ita ce nawa aka sayar. Ba ɗaya ba ne. Masana'antar siminti tana iya ƙera tan 10,000 a wata ta sayar da 7,000, sauran su tafi sito. Wata mai zuwa injin ya tsaya domin gyara, ta ƙera 4,000 kacal amma ta sayar da 7,000 ɗin dai daga abin da ta tara. Wanda ya bi ciniki zai ce babu abin da ya canza a watannin biyu, alhali aiki ya ragu da kashi 60 cikin 100. Saboda haka fom mai kyau yana tambayar abu uku tare: abin da aka sayar, kayan da ke sito a farkon wata, da kayan da ke sito a ƙarshensa. A haɗa ciniki da kayan ƙarshen wata, a cire na farkon wata, abin da ya rage shi ne aka ƙera. Idan kamfanin ya kuma rubuta adadin da ya ƙera kai tsaye, sai a gwada biyun. In sun saɓa, a ɗaga waya.

Akwai kura-kurai da ke maimaita kansu a ko'ina. Wani ya rubuta kilo a inda aka nemi tan, wani ya rubuta katan a inda aka nemi lita. Wani kamfani yana rufe littafinsa bisa makonni, huɗu-huɗu-biyar, don haka "watansa" na uku kwana 35 ne, kuma in ba a daidaita ba sai a ga aiki yana tashi duk bayan wata uku ba gaira ba dalili. Wani ya shigo da kaya daga waje ya sayar yadda suke, ya haɗa su cikin abin da ya ƙera. Wani ya ba wata masana'anta kwangilar yi masa kaya, shi ya rubuta, ita ma ta rubuta, aka ƙirga abu ɗaya sau biyu. Wani babban kamfani mai rassa biyar a sana'o'i uku ya aiko da jimilla guda daga hedikwata, aka zuba ta duka a sashe ɗaya. Wanda ya fi kowanne haɗari shi ne a rubuta jimillar watanni da yawa a gurbin wata ɗaya. Wannan ya faru a Indiya. An sanar cewa masana'antu sun bunƙasa da kashi 6.8 cikin 100 a Janairun 2012, daga baya aka gano an shigar da sukari tan miliyan 13.4, wato tarin watanni uku, a maimakon tan miliyan 5.8 na watan. Da aka gyara sai bunƙasar ta dawo kashi 1.1. Kaya ɗaya, layi ɗaya a fom, ya jirkita labarin tattalin arzikin babbar ƙasa har na tsawon wata guda.

Maganin irin wannan ba shi da tsada. Kowace amsa da ta shigo a gwada ta da ta watan jiya, da ta irin wannan wata a bara, da kuma iyakar abin da injinan kamfanin ke iya fitarwa. A raba kuɗi da adadi a ga farashin guda ɗaya: idan tan ɗaya ya ninka sau dubu a wata guda, an rikita awo ne. A jera amsoshin da ake shakka bisa girman tasirinsu a kan jimilla, a fara kiran na sama, domin ma'aikata ba za su iya kiran kowa ba. Kuma a rubuta dalilin da kamfanin ya bayar, ko yajin aiki ne, ko gobara, ko ƙarancin kayan aiki, a ajiye shi kusa da lambar. Bayan shekara biyu babu mai tuna dalilin in ba a rubuta ba. Muna kuma ba da shawara kowane babban kamfani ya kasance yana da jami'i guda a hukumarku da ya san shi, ya san kayansa, ya san wanda ke cika fom ɗin. Idan aka canza akanta a kamfanin, a nan ne awo ke rikicewa, kuma jami'in da ya saba da lambobin ne kaɗai zai lura da wuri.

Bayan an samu amsoshi, sai tambayar yadda za a auna yawan kaya ba tare da farashi ya shiga tsakani ba. Hanya ta farko ita ce ƙirga adadi: tan na siminti, gangar ɗanyen mai, awon wutar da aka samar. Tana aiki da kyau a inda kaya iri ɗaya ne kuma ba ya sauya kama. Amma a motoci, magunguna, injuna da kayan lantarki, ƙirga kawai yaudara ce. Masana'antar da ta bar ƙera ƙananan motoci 1,000 ta koma manyan motocin ɗaukar kaya 800 ta ƙara aiki ne, ƙirga kuwa zai ce ta rage kashi 20.

Shi ya sa shawarwarin 2010 suka fifita hanya ta biyu a mafi yawan sassa: a karɓi darajar kayan da kuɗi, a raba ta da ma'aunin farashin bakin masana'anta na wannan rukunin kaya. A ce darajar abin da wani sashe ya ƙera ta tashi da kashi 30 cikin shekara, farashinsa a bakin masana'anta kuma ya tashi da kashi 25. Sai a raba 130 da 125, a samu ƙarin kashi 4 a ainihin kaya. To a ce hukumar ba ta da ma'aunin farashin masana'anta, ta ari na farashin kasuwa wanda ya tashi da kashi 20. Lissafi zai ba da kashi 8.3, fiye da ninki biyu na gaskiya. Farashin kasuwa ya ƙunshi haraji, kuɗin sufuri, ribar dillali da kayan da aka shigo da su, waɗanda duk ba ruwansu da abin da masana'anta ta karɓa. Haka nan kayan da ake fitarwa waje suna bukatar nasu ma'aunin farashi. Idan kuɗin ƙasa ya faɗi warwas, kamfanin da ke sayarwa da dala zai ga cinikinsa ya kumbura a kuɗin gida ba tare da ya ƙara ko kwali ɗaya ba. In aka tace wannan ciniki da farashin cikin gida, sai a yi shelar bunƙasar da ba ta faru ba. Ra'ayinmu a nan a fili yake: duk inda hauhawar farashi ke da ƙarfi kuma ma'aunin farashin masana'anta bai ƙanƙama ba, gara a tsaya a kan adadin kaya da aka rarraba dalla-dalla bisa iri da girma, har sai an gina ma'aunin farashin. Kuma a gina shi, domin ma'aunin nan biyu tare suke tafiya.

Hanya ta uku ita ce auna abin da aka zuba a aikin, galibi sa'o'in ma'aikata, wani lokaci wutar da aka sha ko ɗanyen kayan da aka cinye. Ana komawa gare ta a inda abu ɗaya ke ɗaukar watanni, kamar jirgin ruwa, jirgin sama ko babban injin tashar wuta. Jirgin da aka shekara biyu ana haɗawa bai kamata ya faɗo gaba ɗaya a watan da aka miƙa shi ba. Sai dai sa'a ɗaya ta bana ba daidai take da ta shekara goma da suka wuce ba, tun da injuna sun ƙaru, ƙwarewa ta ƙaru. Dole a riƙa ninka sa'o'in da wani adadi na ingancin aiki, a kuma sabunta shi duk lokacin da binciken shekara ya fito. Ku faɗa wa masu karatu kashi nawa na ma'aunin ne ya dogara da adadi, nawa da kuɗin da aka tace, nawa da sa'o'i. Babban bankin Amurka yana wallafa irin wannan bayani game da jeri kusan 300 da yake haɗawa.

Sai batun nauyi. Ba a tara tan da mita da lita. Abin da ake yi shi ne a mayar da kowane kaya zuwa gwargwado: abin da aka ƙera a wannan wata idan aka kwatanta da matsakaicin wata na shekarar tushe, wadda aka sa wa 100. Daga nan kowane gwargwado ya shiga jimilla bisa nauyinsa. Ga misali na lissafi. Siminti ya tashi daga tan 1,000 zuwa 1,100, ya zama 110. Ƙarfe ya sauka daga tan 400 zuwa 380, ya zama 95. Yadi bai motsa ba, yana 100. Idan nauyin siminti 50 ne, ƙarfe 30, yadi 20, jimilla za ta ba da 103.5, wato an ci gaba. Idan kuwa ana amfani da tsohon nauyi na zamanin da ƙarfe ke kan gaba, a ce siminti 20, ƙarfe 50, yadi 30, jimilla 99.5 ce, wato an koma baya. Masana'antu ɗaya, wata ɗaya, amsoshi ɗaya, amma kanun labarai biyu masu karo da juna. Wanda bai ga teburin nauyi ba, ba zai taɓa sanin wanne aka ba shi ba.

Nauyin kowane sashe daga darajar da ya ƙara ake ɗauko shi, wato abin da ya rage bayan an cire kuɗin ɗanyen kaya, makamashi da sauran abubuwan da ya saya daga wasu. In aka yi amfani da jimillar ciniki, audugar da ta zama zare, zaren ya zama yadi, yadin ya zama riga, za a ƙirga ta sau uku. Matatar mai ma za ta samu nauyin da ya fi ƙarfinta, domin mafi yawan kuɗin da ke ratsa ta na ɗanyen man da ta saya ne. Shawarwarin 2010 sun ce a sabunta nauyin sassa kowace shekara, na rukunin kayayyaki kuma aƙalla duk shekara biyar, a riƙa ɗinke sabon jeri da tsoho domin kada tarihi ya yanke. Yawancin ƙasashe suna bin dabarar Laspeyres, wadda ke riƙe da nauyin lokacin da ya wuce, Amurka kuwa tana bin ta Fisher, wadda ke haɗa nauyin lokacin da ya wuce da na yanzu. Wannan bambanci ƙarami ne idan ana sabunta nauyi a kai a kai. Babba shi ne na hukumar da ta shekara 15 a kan jerin kayayyaki ɗaya, tana bin kayan da aka daina yayinsu, ba ta ga sababbin da suka cika kasuwa ba.

Ku kuma kula da shekarar da kuka zaɓa ta zama tushe. Kada ta zama shekarar yaƙi, fari ko annoba. Tarayyar Turai ta saba ɗaukar shekarun da ke ƙarewa da 0 ko 5, amma ta tsallake 2020 ta ɗauki 2021 saboda korona. Idan kun sauya tushe, ku fitar da tsohon jeri da sabo gefe da gefe na aƙalla shekara ɗaya, tare da adadin da ake ninkawa a haɗa su. Ba kwalliya ba ce. Mai bincike da ke son ganin tafiyar shekara 20 ba zai iya ba in babu wannan.

Kalanda ma tana da nata rikicin. Watan da ke da ranakun aiki 21 idan ya biyo bayan mai 22, masana'antar da ke hutun ƙarshen mako za ta nuna raguwar kusan kashi 4.5 ko da kowace rana an yi aiki daidai wa daida. Matatar mai da tashar wuta kuwa ba sa hutu, su yawan kwanakin wata ne ke damunsu, don haka gyaran ranaku sashe-sashe ake yin sa. Bukukuwan da ke yawo a kalanda sun fi wuya. Ista takan faɗo a Maris ko Afrilu. Sabuwar shekarar gargajiya ta Sin takan zo a Janairu ko Fabrairu, abin da ya sa hukumar ƙididdigar ƙasar ke haɗa watannin biyu ta fitar da su tare. Azumi da sallolin biyu suna matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, saboda haka manhajar da ta ɗauka cewa kowane abu yana dawowa a wata ɗaya ba za ta kama su ba sai an shigar mata da ranakun da hannu, har da kwanakin da aiki ke ja baya kafin biki da bayansa. Akwai kuma hutun da ba ya maimaituwa: a 2002, 2012 da 2022 Birtaniya ta matsar da hutun ƙarshen Mayu zuwa Yuni ta ƙara wata rana a kai domin bikin sarautar Sarauniya, sai Mayu ya samu ƙarin ranar aiki, Yuni ya rasa biyu. Irin wannan a sanar da shi a rahoton watan, da baƙaƙe manya.

Kayan aikin tace tasirin lokutan shekara kyauta ne. Akwai X-13ARIMA-SEATS na hukumar ƙidayar Amurka, akwai JDemetra+ da hukumomin Turai ke amfani da shi. Suna bukatar jeri na aƙalla shekara uku kafin su yi aiki, biyar ko fiye kafin a amince da sakamakon. Ku fitar da alƙaluma iri uku: ɗanye, wanda aka gyara wa ranakun aiki, da wanda aka tace wa lokutan shekara. Na biyu shi ya dace da kwatanta wata da takwaransa na bara, na uku kuma da kwatanta wata da wanda ya gabace shi. Hukumar da ke ba da kwatancin bara kaɗai tana makara wajen ganin juyi, domin aiki yana iya yin wata huɗu yana sauka alhali har yanzu ya ɗara na bara. Kuma bayan shekarar da aka yi mummunar faɗuwa, kamar watannin kulle na 2020, kwatancin bara yana fitar da lambobi masu ban mamaki waɗanda ramin da aka faɗa kawai suke nunawa.

Yanzu ga abin da muka fi jin zafinsa, wato gyaran alƙaluma bayan an fitar. Ranar da za ku rufe lissafi, ba duk kamfanoni ne suka amsa ba. Dole a cike gurbin waɗanda suka makara, kuma hanyar da ta fi inganci ita ce a ɗauki lambarsu ta watan jiya a motsa ta gwargwadon yadda takwarorinsu da suka amsa suka motsa. Maimaita lambar watan jiya yadda take yana danne duk wani motsi, ya sa ma'aunin ya yi lamo a lokacin da ƙasa ke girgiza. Sa sifili kuwa ɓarna ce tsantsa. Ko an bi hanya mafi kyau, akwai tarko: kamfanin da ke cikin matsala shi ne ya fi jinkirin amsawa, don haka a farkon koma-baya lambar farko takan fi gaskiya kyau.

Saboda haka gyara dole ne, kuma ba abin kunya ba ne. A Amurka lambar kowane wata tana buɗe ga gyara a watanni biyar da ke biye, ban da babban bita na shekara. Abin da ke zubar da mutuncin hukuma shi ne ta sauya lamba a ɓoye, ko ta ƙi sauyawa don gudun surutu. Ku rubuta ƙa'ida: watanni nawa ne a buɗe, yaushe ake babban bita, me ake yi idan an gano kuskure a tsakani. Kowane rahoto ya nuna kashi nawa na nauyin ma'aunin ne ya fito daga amsoshi na haƙiƙa, domin amsar kamfanoni 80 cikin 100 ba ta da amfani idan manyan biyar ne suka yi shiru. Ku ajiye kowane bugu a shafinku yadda ya fita, ku kuma wallafa matsakaicin tazarar da ke tsakanin lambar farko da ta ƙarshe. Idan gyara yakan kai maki ɗaya, ɗan jarida zai san cewa tashin 0.3 ba labari ba ne. Idan kuma gyaran kullum gefe ɗaya yake karkata, to akwai ciwo a hanyar cike gurbi, kuma ku ne za ku fara amfana da sanin haka.

Sau ɗaya a shekara a gwada jerin wata-wata da babban binciken masana'antu na shekara, a daidaita shi da shi. Ma'aunin wata yana ɗauka cewa rabon darajar da aka ƙara a cikin jimillar kaya bai canza ba, wanda gaskiya ne a gajeren lokaci amma yana gocewa idan masana'antu suka koma harhaɗa sassan da aka shigo da su. Lamarin Ireland darasi ne a nan. Alƙaluman da aka fitar a Yulin 2016 sun nuna tattalin arzikinta ya bunƙasa da kashi 26.3 a 2015, mafi yawa saboda wasu manyan kamfanonin duniya sun mayar da kadarorinsu can, kayan da ake ƙera musu a wasu ƙasashe bisa kwangila suka shiga lissafinta. Duk inda kamfanoni biyu ko uku ke iya jan jimillar ƙasa, ku ba da lamba ta biyu wadda aka cire sashensu. A gefe guda kuma ku riƙa leƙa wasu alamu masu zaman kansu, kamar wutar da masana'antu suka sha, bayanan harajin ciniki da kayan da suka ratsa tashoshin ruwa. Jamus tana fitar da ma'auni daga tafiyar manyan motoci a hanyoyin da ake biyan kuɗi, wanda ke isowa kafin na masana'antu. Waɗannan ba sa maye gurbin bincike, amma in sun nufi gabas ma'auninku ya nufi yamma, akwai abin dubawa.

Kamfani ba ya faɗin gaskiya sai ya tabbata lambarsa ba za ta isa hannun mai karɓar haraji ko abokin gasarsa ba. Ƙa'idojin ƙididdigar hukuma da Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da su a 2014 sun wajabta wannan sirri. A aikace, kada ku fitar da layin da kamfanoni ƙasa da uku suka haɗa, ko wanda kamfani ɗaya ya mamaye, ku haɗe shi da na kusa da shi. Ranakun fitar da rahoto kuma a sanar da su tun farkon shekara, da sa'a, a kuma cika alkawari ko lambar ta yi wa gwamnati daɗi ko ba ta yi ba. Idan akwai jami'an da doka ta ba damar gani kafin jama'a, a wallafa muƙamansu da tsawon lokacin.

Mun san ba kowace hukuma ce ke da kuɗi da ma'aikata ba. Ga wadda ke farawa, ko mai fitarwa duk wata uku da ke son komawa wata-wata, ba sai ta jira ta mallaki komai ba. Wutar lantarki, mai, gas da manyan ma'adinai suna da hukumomin da ke karɓar adadinsu kowane wata, yarjejeniya a rubuce kawai ake bukata, mai ɗauke da ranar miƙawa da awon da za a yi amfani da shi. A ɓangaren ƙere-ƙere a fara da manyan kamfanonin da suka riƙe mafi yawan darajar kowane sashe, da fom mai shafi ɗaya da ake cikawa ta intanet, wanda ke nuna wa mai cikawa lambarsa ta watan jiya kuma ya tsayar da shi idan sabuwar ta yi nisa da ita. A tara watanni 12 a cikin gida kafin a fara wallafawa, a gwada jimillarsu da binciken shekara, sannan a fito da bugu na farko tare da takardar bayani mai ɗauke da yawan kamfanoni, jerin kayayyaki, teburin nauyi da shekararsa, da sassan da ba a kai gare su ba tukuna.

Wassalam.

Naku,
Wasu malaman ƙididdiga, masu nazarin tattalin arziki da masu lissafin kaya a masana'antu